Dish ɗin Baba ya nuna mana Bagadaza, amma bai nuna mana unguwar Gangare ta Jos ba

"Assalamu alaikum Baba Injiniya. Na taso a Anguwan Rogo, nan Jos. Mahaifinmu, Allah ya ji ƙansa, ya kafa ƙaton dish a tsakar gida wajen 1990, irin mai raga-ragan nan. Ina tuna idan yayanmu yana juya shi, wani lokaci mukan faɗa kan hoton da babu tambarin kowace tasha: Bature tsaye da makirfo yana gyara kwalar riga, yana hamma, ko filin ƙwallo ana bugawa babu mai sharhi. Can sai hoton ya ɓace. Mene ne wannan? Na biyu, me ya sa muka ga yaƙin Iraƙi a lokacin da ake yinsa, amma abin da ya faru a cikin Jos sai gobe ko jibi, wani ma ba a nunawa sam? Kuma ko akwai inda zan samu labaran Jos na wancan zamanin in sake kallo?"

Wa alaikumus salam, ɗana. Allah ya ji ƙan mahaifinku, ya kai haske kabarinsa. Tambayoyi uku ka jero, amma biyun farko uwarsu ɗaya. Kana son sanin hoton wa kuka riƙa tsinta a sama, da kuma dalilin da na nesa ya riga na kusa isowa. Na shafe sama da shekara 30 a sashen injiniya na wata tashar talabijin a nan Jos, tun ina mai ɗaukar waya a bayan mai kyamara har na zama mai kula da ɗakin na'urori, don haka daga wannan kujerar zan ba ka amsa. Gajeriyar amsar ita ce: dish ɗin gidanku kunne ne, ba baki ba. Mu ma a tasha, a yawancin shekarun nan, kunne muke da shi babba, bakin kuwa na haya ne.

Baturen da ke hamma

Abin da kuka gani mu a wajen aiki fid muke ce masa, wato ɗanyen hoto da wakili yake aika wa ofishinsa kafin a gyara shi. Ba don ku aka aiko shi ba. Tauraron ɗan Adam irin na talabijin yana can sama da tsakiyar duniya, nisan kilomita 35,786, yana zagayawa daidai da juyawar ƙasa, shi ya sa kullum yake wuri guda idan ka saita dish. Aikinsa bai wuce na madubi ba. An haska masa sigina daga ƙasa, ya ƙara mata ƙarfi, ya watso ta kan yanki mai faɗin da zai iya haɗa nahiya guda. Bai san Landan ba, bai san Anguwan Rogo ba. Duk wanda ke cikin wannan inuwar, yana da faranti mai girman da ya isa da risiba, zai kama.

A lokacin kusan komai analog ne, kuma ba a kulle irin waɗannan hotuna, domin masu aikowa ba su ɗauka akwai wani yaro a Jos da ke murɗa jak ɗin juya dish yana leƙensu ba. Kamfani yakan kama hayar layi a tauraro na minti 10 ko 15. Da farko za a ɗora zanen nan mai launuka a tsaitsaye da wani kuka mai tsini, don wanda ke karɓa ya daidaita kala da ƙarar murya. Sai wakili ya tsaya gaban kyamara yana jiran a ce masa fara. Wannan jiran kuka gani. Idan lokacin haya ya cika, ko yana tsakiyar magana ne, a yanke. Ƙwallon da babu sharhi kuwa, shi ne hoton da ake raba wa ƙasashe da ihun 'yan kallo kawai, kowace ƙasa ta ɗora nata mai sharhin. Wani lokaci kuma muryar tana nan, sai dai tana kan wani zango dabam da risibarku ba ta kai kansa ba.

Ka lura ma wakilin yakan yi ɗan shiru bayan an yi masa tambaya, yana gyaɗa kai kamar mai nazari. Ba nazari yake ba. Hawa da sauka kusan kilomita 72,000 ne, sigina tana cin kusan rubu'in daƙiƙa a hanya, tambaya ta je, amsa ta dawo, an haura rabin daƙiƙa.

Kamfanonin da suka fi cika sama da irin wannan kaya su ne Visnews, wanda Reuters ya mallake gaba ɗaya a 1992, da WTN, wanda AP ya saya a 1998. Su ne 'yan sarin hoton labarai na duniya. Da dijital ya shigo daga tsakiyar shekarun 1990, aka fara sa wa fid makulli, sai wannan leƙe ya yi ta raguwa.

Yadda Legas take isowa Jos ƙarfe tara

Sai mun ɗan koma baya kafin tambayarka ta biyu ta fito fili. Talabijin a Najeriya da jihohi ya fara, ba da tarayya ba. Ibadan ta buɗe a ranar 31 ga Oktoba 1959, Inugu ta biyo a 1960, Kaduna a 1962. Mu a nan, tashar Binuwai-Filato ta fara a 1974, zamanin Gwamna Joseph Gomwalk, kuma ita ce ta fara watsa hoto mai kala a ƙasar nan a 1975. Wannan abin alfahari ne da yaran yanzu ba su cika sani ba. Daga baya gwamnatin soja ta tattare tashoshin duka ƙarƙashin hukuma guda da doka ta 24 ta 1977, abin da ya zama NTA. Kwalejin horar da ma'aikatan talabijin ma a nan aka kafa ta, a Rayfield, a 1980.

To, an haɗe tashoshi a takarda, ta yaya za a haɗe su a iska? Tiransimita ba ta wuce inda ido zai iya kaiwa daga saman dogon ƙarfenta. Jos ta ci sa'a tana kan tudu, kusan mita 1,200 sama da teku, siginarmu takan yi nisa fiye da ta garuruwan kwari, amma duk da haka ba za ta kai Legas ba, ta Legas ma ba za ta zo ba. Hanya biyu ce. Ko a jera hasumiyoyin maikirowef, kowace tana hango 'yar'uwarta a tazarar kilomita 40 zuwa 50, wanda in ɗaya ta mutu a daji duk layin ya mutu. Ko kuma a hau sama. Najeriya ta riga ta buɗe tashar tauraro a Lanlate, can ƙasar Oyo, a 1971 don hulɗa da ƙasashen waje, daga baya aka yi ta Kujama kusa da Kaduna. A tsakiyar shekarun 1970 kuma aka shimfiɗa tsarin cikin gida mai suna DOMSAT, aka kama hayar layuka a tauraron Intelsat, aka kafa tashoshin ƙasa masu hulɗa da tauraro a manyan biranen jihohi 19 na lokacin. Ta nan labaran ƙarfe tara suke sauko mana.

Bari in nuna maka yadda daren yake. Ƙarfe tara saura minti biyar, ɗakin kwantirol ya yi tsit. Talabijin ƙanana jere a bango, ɗaya na nuna abin da muke watsawa, ɗaya na nuna abin da ke zuwa daga Legas, galibi agogo ne yana tafiya. Mai haɗa shiri ya ɗora yatsa kan maɓalli. Idan tallarmu ta ƙarshe ta yi tsawo, a datse ta, mai talla ya zo gobe ya yi ƙorafi. Tara daidai a danna, kiɗan buɗe labarai ya tashi, masu karanta labarai su Cyril Stober su bayyana, kowa ya sauke ajiyar zuciya. Daga nan har a gama, mu 'yan kallo ne kamar ku. In hoton ya ɓace, akwai wani kati da muke ɗorawa na ban haƙuri, a saka kiɗa, mu kuma mu yi ta murɗa waya muna neman wanda zai gaya mana ko daga can ne ko daga nan.

Akwai ma ɓacewar da ba laifin kowa ba. Sau biyu a shekara, cikin Maris da Satumba, rana takan tsaya daidai bayan tauraro, hayaniyarta ta danne sigina na 'yan mintoci, kwana uku ko huɗu a jere. Shekarata ta farko ban san haka ba. Na kwance waya, na sake ɗaurawa, hoto ya dawo da kansa, na yi ta baza hanci wai ni na gyara. Maigidana ya bar ni har washegari da abin ya sake faruwa a daidai wannan lokaci, sannan ya ja ni waje ya nuna min inuwar bakin dish ta faɗa tsakiyar farantin cif.

Kunne da baki

A nan gizo ke saƙa. Karɓa abu ne mai araha. Maƙerin Dilimi zai iya lanƙwasa ƙarfe da raga ya fitar da faranti na mita 3, ka sayi LNB, wato 'yar na'urar da ke bakin dish tana karɓar sigina, da risiba, shi ke nan. Girman farantin ma dalili gare shi: tashoshin lokacin a zangon C suke, wajen gigahaz 4, siginar kuma tana isowa a galabaice, sai an tara ta da babban masaki. Ladan wahalar shi ne ruwan Agusta na Jos bai cika damunta ba, saɓanin ƙananan dish na zangon Ku da DStv ya zo da su bayan 1995, waɗanda hadari na haɗuwa hoto zai fara daskarewa.

Aikawa kuwa wata duniya ce. Kana bukatar na'ura mai ƙarfin ɗaruruwan wat, da faranti da aka saita ba kuskure don kada ka shiga layin wani, da izini, da wutar da ba ta ƙiftawa, da hayar tauraro da ake lissafawa da minti kuma da kuɗin waje. Tashoshin hulɗa da tauraron nan ma ba na gidan talabijin ba ne, na hukumar sadarwa ne, wadda ta zama NITEL a 1985. In kana son tura rahoto sai an nemi lokaci tun da wuri, a ba ka ɗan taƙi, ka kai kaset ɗinka a kan kari. CNN tana da kuɗin da za ta riƙe layi dare da rana. Tashar jiha ba ta da shi. Ko a daren 17 ga Janairu 1991 da aka fara ruwan bama-bamai a Bagadaza, muryar wakilan CNN su Peter Arnett ce ta fara fitowa daga otal ɗin Al-Rashid ta wani layi na musamman, hotunan suka biyo baya. Amma ko hakan ya isa ya sa majalisun Jos suka kwana a gidajen masu dish, kuma ka san yawan yaran da aka raɗa wa Saddam a shekarar.

Yanzu ka kwatanta da labarin gida. A ce rumfuna sun kama wuta a Bukuru da hantsi. Kafin wayar hannu ta GSM, wadda sai 2001 ta zo, sai wani ya tako ko ya samu wayar tebur ya sanar. Sai a duba ko akwai kyamara. Sau da yawa masu lafiya ba su wuce biyu ko uku ba, kuma ɗaya ta riga ta bi ayarin gwamna, domin a zamanin soja labarin farko na gwamna ne, na biyu na matarsa. Sai mota, sai mai. Kyamarar U-matic ba irin ta yanzu ba ce. Mutum ɗaya na saɓe da kyamara, na biyu na rataye da rikoda mai nauyin jaririn da ya ƙoshi, waya ta haɗa su kamar raƙumi da akala, in ɗaya ya yi gudu dole ɗayan ya bi. Ni ne na biyun nan shekara da shekaru, kafaɗata ta hagu har yau tana tuna min. Kaset ɗin fita minti 20 yake ɗauka, batir kuma ya ga dama. Waɗanda suka riga mu ma da fim mai milimita 16 suka yi aiki, sai an wanke shi kafin a ga abin da aka ɗauko.

An dawo tasha, sai layin tacewa. Injin biyu ne, ana kwafa daga wannan kaset zuwa wancan, hoto bayan hoto a jere. In ka gama edita ya ce a sauya na tsakiya, sai ka sake daga nan har ƙarshe. A rubuta labari da tafireta, a fassara shi zuwa Hausa, mai karantawa ya bi. Tashar ma ba ta buɗewa sai wajen la'asar, ta rufe kusan tsakar dare da taken ƙasa. Abin da ya faru bayan azahar, in ba babba ba ne ƙwarai, ya zama na gobe. Na Shendam ko Langtang ko Wase kuwa, sai direban motar haya ya iso da kaset a aljihun gaban mota.

In kuma ana son ƙasa duka ta gani, to sai kaset ya tafi Legas, daga baya Abuja, bayan gwamnati ta koma can a ranar 12 ga Disamba 1991 kuma ɗakin labarai ya bi ta a hankali. Na sha tsayawa a filin jirgi na Heipang da ambulan a hannu ina leƙen fuskokin fasinjoji, ina neman mai kamar amana. "Ranka ya daɗe, don Allah ka taimaka, wani zai tare ka a can, zai riƙe takarda da sunan tasharmu." Akwai ranar da na ba wani bawan Allah kaset na wani babban taro, jirgin ya tashi lafiya, mai tarba ya makara a cunkoson Legas, mutumin ya gaji da jira ya wuce gida da shi. Bayan kwana huɗu ya aiko da shi cikin ladabi. Labari ya riga ya rube. Wata rana kuma mun samu minti goma na turawa ta tauraro, muna minti na uku aka ɗauke wuta, kafin janareta ya kama lokacinmu ya ƙare, kuma an caje mu kuɗin cif.

Ban ce duk jinkirin na na'ura ba ne. Akwai labarin da kyamara ta ɗauko, aka tace, aka kawo, sannan waya ta yi ƙara daga sama aka ce a ajiye. Ni injiniya ne, ba a kirana taron editoci, iyakata in ga an zare kaset daga jerin na daren. Wani ajiyewar tsoro ne, wani kuma, musamman a lokutan tashin hankali a garin nan, na ga hikimarsa, domin akwai hoton da in ka watsa shi da magariba, kafin asuba an ƙone wata unguwa. Mutane dai ba su zauna jiranmu ba, sukan kama BBC ko Muryar Amurka ko Jamus a rediyo su ji abin da ya faru a bayan gidansu daga bakin wanda ke Landan.

Abin ya ɗan sassauta da tsarin mulkin 1979 ya bai wa jihohi damar sake buɗe nasu tashoshin, irin su CTV 67 a Kano da tashar jihar Filato, sannan doka ta 38 ta 1992 ta buɗe ƙofa ga 'yan kasuwa, Channels da AIT suka fito a tsakiyar shekarun 1990. Amma a ganina ba su ne suka karya wannan matsala ba, domin su ma a manyan birane suka tare. A gidajen Hausawa ma dish ya fi karkata gabas, wajen Arabsat, don a ga tarawihin Makka da azumi, sai Aljazeera daga 1996. Abin da ya ba Gangare baki shi ne ƙaramar kyamarar dijital, sannan wayar hannu da intanet. Ko sauya sheƙa zuwa dijital da aka ƙaddamar a nan Jos a ranar 30 ga Afrilu 2016 ya ƙara yawan tashoshi da tsabtar hoto ne, bai ƙara yawan masu zuwa unguwa su ɗauko labari ba.

Ina kaset ɗin suke?

Nan ne zan ɓata maka rai kaɗan. Kaset kaya ne mai tsada da ake shigowa da shi daga waje, don haka ba ajiye shi muke yi ba, maimaita shi muke yi. Labaran Litinin a goge a ɗora na Alhamis. Da hannuna na goge abubuwan da yau zan biya kuɗi in sake gani: hawan sallah, wasannin ƙungiyar ƙwallo ta Mighty Jets, cikin babbar kasuwar Terminus tana cike kafin gobarar 2002. A lokacin ba tarihi muke gani ba, kaset muke gani da ake bukata ƙarfe huɗu. Labaran da aka karanta kai tsaye kuwa sau da yawa ba a ma naɗe su ba. Abin da ya fi tsira shi ne rantsar da gwamnoni da ziyarar shugabanni.

Duk da haka kada ka fasa nema. Fara da ɗakunan ajiya na tsofaffin tashoshin garin nan biyu, wato NTA da ta jiha, ka je da takarda a rubuce, da shekara da wata da sunan taron, domin in ka ce "labaran da" kawai babu mai iya taimakonka. Ka nemi tsofaffin ma'aikatan laburare, waɗanda suka yi ritaya ma sun fi sanin abin da ke cikin wane kwali. Akwai kuma ma'ajiyar fina-finai da sauti ta ƙasa a nan Jos, ƙarƙashin Hukumar Fina-finai ta Najeriya. Sannan ka duba rumbunan Reuters da AP a intanet. Abin da 'yan sarin nan suka ɗauka a Najeriya sun adana shi da kwanan wata, sai dai abin da ya ja hankalin Turawa ne kawai, juyin mulki da zaɓe da rikici.

Inda na fi sa rai shi ne gidajen mutane. Duk gidan da ya iya kafa dish a 1990 yana da bidiyo, kuma mutane sun riƙa naɗar labarai ranar da aka nuno ɗansu ko maigidansu. Ka tambayi Hajiya ko akwatin kaset ɗin mahaifinku yana nan. In ka same shi, kada ka yi garajen cusa kaset a inji. Ka duba ta tagar kaset ɗin tukuna. In ka ga fari-fari kamar gari a jikin tif, fumfuna ce, za ta ɓata kan injin ta kuma yage tif ɗin. Ka ajiye su a tsaye kamar littattafai, a ɗaki mai iska, nesa da sifika da rana. Tif ɗin da ya yi danƙo akan gasa shi a hankali a zafin da bai wuce digiri 50 da 'yan kai ba kafin ya karantu, amma wannan aikin masu injin musamman ne, kada a gwada a murhun gida. Ba zan yi maka alkawarin kowanne zai yi magana ba, kaset ɗin VHS mai shekara 30 yana iya ba da hoto sau ɗaya ya mutu. Saboda haka ranar da za a kunna, a haɗa da kwamfuta tun daga farawar farko, a naɗe gaba ɗaya har da tallace-tallace da sanarwar rasuwa da ke biyo bayan labarai. Kuma kada ka yarda da abin da aka rubuta a bayan kaset. Wanda aka rubuta wa "bikin Asabe" sau da yawa bikin minti 40 ne, sauran awa biyun duk abin da tasha ta watsa a daren ne, domin an manta ba a kashe rikoda ba.